Daren da na kashe wayata saboda kunkurun teku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauko waya na fara sai na goge, saboda akwai wani wuri a cikinsa da har yau idan na zo kansa hannuna rawa yake yi. Yau dai nace bari in daure in rubuta, musamman saboda ƙannenmu masu karatu da suke ganin kamar idan abu ya rushe musu sau ɗaya shikenan rayuwa ta ƙare.

Ni 'yar zango ce, a Kumasi aka haife ni a ƙasar Gana. Baba fataucin goro yake yi, sana'ar da ya gada wurin kakanmu, ina da shekara shida aka kai ni Kano wurin kakata ta wajen uba, a can na yi allo da firamare kafin na dawo Kumasi na yi sakandare. Toh kun ga daga Kano har Kumasi babu inda teku yake. Kunkurun da na sani a duniya shine na gidan maƙwabcinmu a Kano wanda muke ba shi ganyen latas muna ƙwanƙwasa bayansa yana ɓoye kai.

Burina tun ina yarinya likita, kowa a gidanmu ya san da haka har Dakta ake kirana. Sakamako ya fito makina bai kai ba. Abin da jami'a ta ba ni shine kimiyyar teku da kamun kifi, wallahi na yi kuka kamar an yi min mutuwa, ga dangi kuma da bakinsu, wata goggona tace duk kuɗin da aka kashe ashe karatun kifi za a yi, ai da an sani an kai ta kasuwa ta koyi sayar da banda. Shekara biyu na farko jikina ne kawai a aji.

A shekara ta uku aka kwashe mu zuwa Ada, inda kogin Bolta yake shiga teku, kamar kilomita 100 gabas da Akara. Aka ce da dare za mu fita da ma'aikatan kula da namun daji mu ga kunkuru na yin ƙwai. Ni sanyi da sauro ma suka dame ni, ina tafe a baya ina ƙunƙuni, can wajen ƙarfe ɗaya sai jagoranmu ya ɗaga hannu yace kowa ya yi shiru. A kan yashi akwai wani sawu mai faɗi kamar tarakta ta fito daga cikin ruwa. Muka bi sawun, sai na fara jin numfashi, wani irin nishi mai nauyi kamar na saniya mai naƙuda. Ita ce wadda Turawa ke kira ledabak, wato mai bayan fata, don ita bayanta ba ƙoƙo ba ne mai tauri irin na sauran, fata ce baƙa mai kauri da layuka bakwai a tsaye. Tsawonta ya kusa tsawona. Na durƙusa a bayanta ina kallon yadda take haƙa rami da ƙafafun baya, ta zura ɗaya ta ɗebo yashi kamar da ludayi ta ajiye gefe, ta zura ɗayar, a natse, ba ta ganin ramin amma ko ƙwayar yashi ba ta komawa ciki. Sai ƙwai suka fara zubowa bibbiyu uku-uku, farare masu laushi. Ga hawaye masu yauƙi na bin idonta. Daga baya na koyi cewa gishirin da ya yi mata yawa a jiki ne take fitarwa ta nan, amma a daren nan ni dai na ga uwa tana haihuwa tana hawaye, nima na zauna a kan yashi na yi ta kuka ina subhanallah. Dabbar da ke kai kilo 500, take nutsewa fiye da mita 1000 a ƙarƙashin teku, ga ta a gabana ta jawo jikinta da kyar saboda 'ya'yan da ba za ta taɓa gani ba. Daga wannan daren ban ƙara cewa ina son likitanci ba.

Da na gama digiri na nemi na biyu a kan su. Tambayar da na ɗauka ita ce zafin yashi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shine shi ɗan kunkurun teku ba tun ranar da aka zuba ƙwan ake yanke masa zama mace ko namiji ba, zafin ramin ne yake yankewa da ikon Allah. Wajen digiri 29 ana samun rabi da rabi, idan ya fi haka zafi mata ne suke rinjaye, idan ya fi sanyi maza, idan kuma zafin ya wuce misali ƙwan ma mutuwa yake. Toh duniya na ƙara ɗumi, ga kuma gaɓar Ada teku na cinye ta, tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yashin da Bolta ke kawowa gaɓa ya ragu, ƙauyuka irin su Totope kana gani da idonka gidaje a binne cikin yashi da ruwa. Ina so in san ramukan da suka rage wane irin zafi suke yi kuma me suke fitarwa.

A gida aka yi ta rigima. Yarinya budurwa Musulma za ta je ta zauna a ƙauyen masunta wata da watanni tana yawo bakin teku tsakar dare, wa zai aure ta? Mma ma ba ta so ba ko kaɗan. Baba ne ya tsaya min. Ya kira ni ɗakinsa yana gyaran huhun goro yana yayyafa ruwa, bai ma ɗago kai ba yace uwata, don sunan mahaifiyarsa nake da shi, Allah Ya ce a Suratul An'am babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi face al'ummu ne irinku, je ki yi aikinki, ki riƙe sallarki, ki riƙe mutuncinki, kuma kullum ki kira ni. Shi ya sayar da goro ya cika min kuɗin na'urorin auna zafi, 'yan ƙanana ne ba su kai kwalin ashana ba, ana binne su a tsakiyar ƙwai su yi ta rubuta zafin da kansu har a ƙyanƙyashe.

Lokacin ƙwai a gaɓar Gana yana kankama ne daga wajen Oktoba zuwa Janairu. Kullum bayan isha'i ni da wani yaro ɗan garin da nake biya mu ɗauki tocila mai jan haske da tef ɗin awo da littafi mu yi ta tafiya har asuba. Wadda muka fi gani ita ce ƙaramar, olib ridli, mai launin zaitun, kilo 40 ko kusa da haka, tana zuba ƙwai wajen 100 sannan ta rufe ramin ta yi ta dukan yashi da ƙirjinta dib dib dib har kana jin ƙasa na motsi a tafin ƙafarka. Sai ƙwan ya yi kwana 45 zuwa 60 kafin ya fashe, kafin nan ga karnuka ga aladu ga ƙaguwa ga mutane, kowa haƙa yake.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne. Na je garin nan da zafin kai, ina ganin ni ce mai ilimi na zo ceton kunkuru daga hannun jahilai, Allah Ya yafe min. Ban zauna da sarkin masunta yadda ya kamata ba, na gaishe shi sau ɗaya na nuna takarda na wuce. Alhali su mutanen Ada da yawansu tun kaka da kakanni suna girmama kunkuru ba sa cin sa, tun kafin a yi dokar 1971 da ta hana kama shi a Gana. Wata safiya na tarar da wani dattijo, ba ɗan asalin garin ba ne amma ya daɗe a cikinsu, ya kifar da wata olib ridli a bayan kwale-kwalensa ya ɗaure, ta faɗa masa a raga ne. Ban tambaye shi komai ba, na ɗaga murya a gaban 'ya'yansa da jikokinsa, mutumin da ya girmi Babana, na ɗauki hotonsa, na kira hukuma. Aka saki kunkurun aka tafi da dattijon, sai da 'yan uwansa suka yi ta zirga-zirga kafin ya dawo. Ni a ranar har murna na yi. Washegari yaron da ke raka ni yace babarsa ta hana shi, matar da nake sayen dokunu (tuwon masarar Gana) wurinta ta daina amsa gaisuwata, masuntan da ke gaya min inda suka ga sawu da asuba suka yi shiru. Na ci gaba da fita ni kaɗai ina cewa ai gaskiya ɗaci gare ta.

Sai daren nan na watan Disamba. Tun yamma Baba ya kira, ina sauri nace Baba zan kira ka anjima, yace toh uwata Allah Ya yi albarka. Na ji muryarsa ta ɗan yi ƙasa amma ban kawo komai ba, dama yana fama da hawan jini. Wajen sha ɗaya ledabak ta fito, irin wadda na yi sati uku ina jira, kuma su kafin su fara zuba ƙwai ɗan haske ko motsi kaɗan sai su juya su koma ruwa. Wayata ta yi haske a aljihu, ko dubawa ban yi ba na danne ta na kashe gaba ɗaya. Na yi kusan awa biyu a kanta, na auna bayanta, na ƙirga ƙwai, na saka na'ura, na raka ta har igiyar ruwa ta rufe ta, ina ta farin ciki ina cewa gobe zan ba Baba labari. Ban tuna da wayar ba sai bayan na yi sallar asuba. Ina kunnawa saƙonni suka yi ta shigowa. Ƙanina ne. Yaya ki ɗauka. Yaya Baba na kiran sunanki. Na ƙarshe innalillahi ne kawai.

Ban san yadda na isa tasha ba. Daga Ada zuwa Akara, daga Akara zuwa Kumasi, ga go-sulo, ina cikin mota ina roƙonsu a waya don Allah su jira ni in ga fuskarsa, kawuna yace ki yi haƙuri 'yata ba a ajiye gawa. Sanda na shiga layinmu maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa a ƙofar gida.

Ba wanda ya ce min komai a ranar, amma ana kwana uku na ji da kunnena a bayan ɗaki ana cewa uban na neman ta tana can tana gadin kunkuru. Ban ji haushinsu ba don abin da nake gaya wa kaina ya fi wannan muni.

Na zauna har aka yi arba'in. Da na koma ƙauyen sai na kasa gane wurin. Teku ya yi tashin da yake yi a wannan gaɓar, wanda ya ga yadda teku ya shiga gidaje a garin Keta na gaɓar Gana a Nuwamban 2021 ya san irinsa, ya share yashin da ramukana suke, sandunan alama babu, ƙwai babu, na'urorin da Baba ya sayar da goro ya saya babu, sai guda uku kacal na tono. Ruwan bai zo dare ɗaya ba, kwana da kwanaki masunta na ganin alamarsa, da ina da mutum ko ɗaya a garin da ya kira ni ko ya tono min su. Ba ni da kowa, kuma ni na jawo.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Mma. Na zauna gaban kwamfuta na buɗe teburin lissafi, na san yadda zafin rami yake hawa da sauka, na san zan iya cika layukan nan da lambobin ƙarya babu mai ganewa, wani abokin karatu ma yace min kowa na yi. Na cika layi kusan ashirin. Sai na tuna hannun Baba a kan ganyen goro, mutumin da idan ƙwaya ɗaya ta yi tsutsa a huhu sai ya gaya wa mai saye. Na goge, na rufe kwamfutar, na rubuta wa malamin da ke duba aikina cewa ba ni da sakamako. Na tattara kayana na koma Kumasi ba digiri ba uba.

Fiye da shekara ina gida. Ba na barci, idan na rufe ido ƙarar teku nake ji da hasken wayar nan a aljihuna, na rame har zanina ba ya zama, ko ƙarar shigowar kira na ji sai gabana ya faɗi. Ana cewa aljanun ruwa ne, aka yi ta kawo rubutu da hayaƙi. Wata ma'aikaciyar jinya a layinmu ce ta ce wa Mma wannan ciwon damuwa ne a kai ta asibiti, kuma alhamdulillah an kai ni, na sha magani na yi ta zuwa ana magana da ni, ga addu'a ba mu bari ba. Don Allah duk wanda nasa ya shiga irin wannan halin a haɗa masa biyun, kar a tsaya ana jin kunya. Da na ɗan samu sauƙi sai na fara taya Mma sayar da koko da ƙosai da safe.

Wata asuba muna tace gasara, Mma da ta fi kowa ƙin aikin nan tace min, ke kina ganin da kin ɗauki wayar da kin ƙara masa minti ɗaya? Nace a'a Mma amma da na ji muryarsa. Tace toh bari in gaya miki abin da yake cewa, ba cewa yake ki zo ba, cewa yake a gaya wa uwata ta gama karatunta. Tace na ɓoye miki ne don ina so ki zauna kusa da ni, Allah Ya yafe min, tashi ki koma. Muka rungume juna hannunmu duk gasara.

Da na koma ban fara da bakin teku ba, gidan sarkin masunta na fara zuwa, na roƙe shi ya raka ni wurin dattijon nan. Ranar Talata ce, ranar da masuntan gaɓar Gana da yawa ba sa shiga teku, yana zaune a inuwar kwakwa yana ɗinkin raga. Na durƙusa har ƙasa nace Papa na yi maka rashin kunya a gaban iyalinka, ka yafe min. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya jawo ragar ya nuna min wani wuri da aka yi wa faci mai faɗin tabarma, yace kin ga wannan, kunkuru ɗaya ne ya yi shi, ragar bashi ce, man injin bashi ne, kifi ya ragu manyan jirage sun kwashe, idan na sake shi wa zai biya ni? Da kin tambaye ni a ranar, da na gaya miki. Yace ya ji mutuwar mahaifina, ya yi min ta'aziyya. Wallahi wannan ta'aziyyar ta fi min zafi fiye da a ce zagina ya yi.

Shi ya zama malamina na gaskiya a aikin nan. Ya san wane yashi ruwa zai ci a wane wata, ya kalli sama da launin ruwa yace wannan ramin ba zai kai sati biyu ba, sai mu kwashe ƙwan a daren da aka zuba shi mu mayar can sama, a hankali ba tare da an juya shi ba don idan ya kwana biyu aka jujjuya ɗan cikin mutuwa yake. Na daina zuwa da doka a baki, na fara zuwa da zaren gyaran raga, wanda ya saki kunkuru a taimaka masa ya ɗinke ɓarnar. Na kawo musu labarin ƙananan fitilu masu koren haske da ake ɗaurawa a jikin raga, an gwada su a Peru an gwada a nan Gana an ga kunkuru na ganin ragar ya kauce kifi kuma bai fasa shiga ba. Na nuna musu a waya taswirar ledabak da aka liƙa wa na'ura a Gabon, ƙasar da tafi ko'ina yawan masu zuwa yin ƙwai, yadda wasunsu suka ƙetare Atilantika har gaɓar Kudancin Amurka, dattijon ya yi ta girgiza kai yana cewa ashe baƙo ne mai nisan tafiya. Su ma suka nuna min abin da ban sani ba, wata matacciya da suka buɗe cikinta muka ga baƙar leda da ledar fiya wata cunkushe, don a cikin ruwa leda kama take da jelifish, wata halittar ruwa mai laushi da take abincin ledabak. Tun daga ranar ko a Kumasi na ga an jefa leda a kwata sai na ji ba daɗi, don na san inda ruwan kwata yake ƙarewa.

Na gama digirin da jinkirin shekara biyu, da lambobin da kowanne na tono shi da hannuna. Ramukan da ke fili cikin rana sun fi na kusa da inuwa zafi sosai, abin da nake ci gaba da bi kenan har yanzu. Na yi aure, mijina ya san daga Oktoba zuwa Janairu dare ba nawa ba ne. Ciwon bai tafi duka ba, duk Disamba sai ya motsa, kuma wayata ban ƙara kashe ta ba, na rufe fuskarta da jan leda mai kauri ina sa ta a jijjiga a cikin rigata.

Bara na kawo Mma, karon farko da ta ga teku a rayuwarta. Ta ƙi matsawa kusa da ruwa, ta riƙe carbinta ta zauna can sama kan tabarma kusa da wani rami da ya kai kwana 52. Bayan magariba yashin ya fara lotsawa a tsakiya, sai ɗan kai baƙi ya leƙo, sai wani, sai suka ɓarke gaba ɗaya kamar tafasar tukunya, kowanne bai cika tafin hannu ba, suna rige-rige zuwa inda hasken ruwa yake. Na gaya mata masana na ƙiyasin a cikin 1000 da wuya fiye da ɗaya ya girma, kuma macen da ta rayu bayan shekaru masu yawa yankin nan za ta dawo ta yi nata ƙwan. Wani ya faɗa cikin sawun ƙafar mutum ya kife yana ta wutsil-wutsil, kafin in yi magana Mma ta tashi ta ajiye carbin ta sa yatsa ta juya shi, ta bi bayansa a sunkuye tana cewa yi sauri ɗan nan, yi sauri, Allah Ya tsare, har ruwa ya jiƙa mata bakin zani ba ta sani ba.